Gwangwanin Irin Baba

Ranar Lahadi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya, da fatan kuma kujerar ofis ba ta gama cinye maka baya ba. Na zaɓi takarda ne saboda ka san wayar garin nan, ba ta kamawa sai an hau tudun makaranta, kuma duk abin da mutum ya faɗa a kan tudun nan kafin ya sauko ya riga shi isa kasuwa. Direban motar madara zai miƙa maka, ya ce gidanka a kan hanyarsa yake.

Tallafin hutun gona ya fito, kashin farko. Ni dai har yau abin mamaki yake ba ni, wai gwamnati ta biya mutum don ya bar gonarsa shekara uku ba shuka ba noma, ƙasa ta farfaɗo. Amma na gode maka da ka cike mana takardun, don gonar gangare ta gaji, bara abin da muka kwaso bai kai mu rabin shekara ba. Baffa ya zo ya karɓi rabonsa yana washe baki. Ya ce muddin tallafin yana zuwa, ba zai sake tayar da maganar raba gado da sayar wa Mai Tarakta ba. Ka san Mai Tarakta ya haɗiye gonaki biyar a gefenmu, tamu ce kawai ta tsaya masa a wuya.

Damuwata Baba ce. Tun da ruwan farko ya sauka ya rasa inda zai sa kansa. Ya gyara ƙofar bayan gida sau biyu, ita da ba abin da ya same ta. Ya wasa wuƙaƙen gidan nan har ina tsoron yanka albasa. Jiya ya zauna a gefen keken ɗinkina yana kallon ƙafata tana taka feda, ya ce, "Ke dai kin ji daɗi, ba wanda ya biya ki don ki daina." Na yi dariya, shi bai yi ba. Abinci ma sai ya ɗan taɓa ya ture, wai bai yi aikin da zai ci ba.

Kwanan nan kuma ya tsiri fita da sassafe, ya ce zai miƙe ƙafa. Ba ya dawowa sai rana ta ɗaga, kuma ranar da ya fita ɗin yakan cinye abincinsa tas. Na bar shi, don gara yawon da zaman. Sai dai bakin wandonsa kullum da laka, kuma ni ce mai wanki.

Ka gaida yara. Ka ce wa babbar 'yarka rigarta na nan, saura maɓalli.

Ƙanwarka,
Auta

*

Ranar Alhamis

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso, na karanta, na kuma ji daɗin jin cewa tallafin ya fito a kan lokaci. Ba kowace gunduma ce ta samu haka ba. A nan ofis takardun mutane sun taru har kan taga, wasu tun bara suke jira.

Maganar lakar wando ta tsaya mini a rai, don haka ki karanta wannan da kyau. Sharaɗin tallafin guda ne, kuma ba ya lanƙwasuwa: gonar da aka sa a hutu ba a shuka komai a cikinta, ba a yi mata huɗa, ba a nome ta. Ciyawa da duk abin da ya tsiro da kansa a bar shi. Malamin awo yana zagayawa ba tare da ya sanar ba, kuma yanzu an ba su wani ƙaramin jirgi mai ɗaukar hoto daga sama. Wanda aka kama ya karya sharaɗi, za a cire shi daga tsarin gaba ɗaya, ba kuma zai sake shiga ba. Na ga an yi wa mutane haka, da hannuna na buga wasiƙun.

Saboda haka ki tattara fartanyoyin Baba da garmarsa ki kai gidan maƙwabta. Ki yi shi cikin dabara, kada ya ji kamar an mayar da shi yaro. Ki tuna masa cewa shekara uku ba wani abu ba ne, kuma hutun nan shi ma ya dace da shi. Shekara hamsin yana duƙe, ya isa haka.

Ni ma ina jin kewarsa, kada ki ɗauka ofis ya busar mini da zuciya. In aka ba mu hutu zan leƙo.

Ki gaida Baba da kyau, ki gaida Baffa.

Yayanki

*

Ranar Talata

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da gajarta gaisuwar, sati uku ke nan ina ɗauka komai lafiya, ashe ba haka ba ne.

Fartanyoyin na kai gidan maƙwabcinmu Mai Shayi kamar yadda ka ce. Baba ya ga wurin da suke rataye ya zama fili, ya wuce abinsa. Ashe mun makara, kuma ashe akwai wata guntuwar fartanya ta marigayiya Inna a ƙarƙashin gadonsa da ban san da ita ba.

Jiya malamin awo ya zo. Mutum ne mai natsuwa, ya cire takalmi kafin ya hau tabarma, ya gaida Baba a durƙushe. Sannan ya fito da hoton gonarmu ya shimfiɗa. Yaya, ban taɓa ganin gonar gangare daga sama ba. Duk ta zama kore a hargitse, ciyawa ta rufe ko'ina, sai can bayan dutse, a kwarin da ba a hange daga hanya, ga layi tara a miƙe sak kamar an ja su da rula. Tsakaninsu fes, ko tsinke babu.

Malamin ya ce, "Baba, wannan aikin wa?"

Baba ya ɗauki hoton ya kai kusa da idonsa. Wallahi sai da na ga fuskarsa ta yi haske kafin ya tuna a gaban wa yake. Ya ce, "Nawa ne. Na bakwai ɗin ya ɗan karkace, ƙafata ce ta zame."

'Yar gida ce ya shuka. Ka tuna jar masarar nan da yake ajiye irinta a gwangwanin madara a saman kabad, wadda ya ce daga hannun kakansa ta fito, wadda ya taɓa zane ka saboda ka ɗebi ƙwayarta ka yi wasa? Ita ce. Ya yi wa malamin bayani tiryan-tiryan kamar yana karantar da ɗalibi. Ya ce iri ba dutse ba ne, mai rai ne, in ya yi damina uku a gwangwani ba a mayar da shi ƙasa ba, ya mutu. Bara ƙwari sun ci rabi, abin da ya rage bai fi tafi biyu ba, shi ne ya shuka duka. Malamin ya ce me ya hana ya roƙi aron wuri a gonar wani. Baba ya ce duk gonakin da ake nomawa bana irin kamfani ne a ciki, iska za ta kwaso garin furensu ta zuba a kan tasa, a wayi gari 'yar gida ta zama 'yar kowa. Ya ce tun da yake bai taɓa samun shekara irin wannan ba, gangaren duk yana hutu, ba wata masara kusa. Wato hutun da aka biya mu mu yi, shi ne ya ba shi wurin.

Malamin ya naɗe hoton. Sannan ya ce, "Baba, da watsa ta kuka yi haka nan cikin ciyawa, da na rubuta cewa tsiro ne ya fito da kansa, ba wanda zai tambaye ni. Amma kun ja igiya, kun yi layi, kun nome. Hoton ya riga ya tafi ofis."

Baba ya ce, "A watsa iri kamar ana ba kaji? Ni ban iya ba."

Ga inda muke. Malamin ya ce iyakar abin da zai iya shi ne ya rubuta gargaɗi maimakon kora. Zai dawo ran Alhamis ta sama, kwana tara ke nan daga yau. In ya tarar an sare layukan, tallafi ya ci gaba. In ya tarar da su a tsaye, an cire mu. Na bi Baba yau na gani da idona. Masarar ta yi goyo, gemunta bai ma bushe ba. Baba ya ce tana buƙatar sati huɗu kafin ƙwayar ta ƙosa ta zama iri, ko sati uku in Allah ya taimaka da rana.

Yaya, kai ne a cikin ofishin. Sati uku kawai muke nema. Ba mu ce a canza doka ba, a ɗaga ranar dawowar malamin, a ce motarsa ta lalace, a ce takarda ta ɓata, ai kullum takardu suna ɓata a wurinku in na talaka ne. Baffa bai ji ba tukuna, amma garin nan ba ya riƙe magana.

Ina jiran amsarka a motar jibi.

Auta

*

Ranar Asabar

Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Ban amsa a motar Alhamis ba saboda ina ta fafutuka, ban so in rubuto hannu wofi. Ga shi hannu wofin zan rubuto.

Na shiga wurin shugaban sashenmu sau biyu. Na farko ya ce in dawo. Na biyu ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya tausaya, amma ranakun dubawa ba a hannunsa suke ba, na'ura ce take fitar da su daga ranar da aka shigar da hoto, kuma masu bincike daga sama suna bin kowane gargaɗi. Ya kuma tuna mini, cikin ladabi, cewa sunana ne a ƙasan takardar Baba a matsayin wanda ya cike ta, don haka gara in rage zirga-zirga a kan maganar. Na nemi malamin awon a waya. Ya ce in ya ƙara ko kwana ɗaya, aikinsa ne a bakin ƙofa, kuma yana da 'ya'ya shida.

Akwai abin da ya kamata ki sani, kuma kwana uku ina juya yadda zan faɗa. A shafi na biyu na takardar neman tallafin akwai wani gurbi da aka rubuta: filin da manomi yake son a ware masa don iri ko lambu. Doka ta yarda mutum ya cire ɗan yanki daga awo, ya shuka abin da yake so a ciki, a biya shi a kan sauran. Na ga gurbin. Ranar da na zo da takardun, Baba ya tambaye ni, "Ba su bar ko ɗan wurin da mutum zai sa iri ba?" Na ce masa babu. Na sa gonar duka, don in an ware yanki tallafin zai ragu kaɗan, kuma na san Baffa zai yi ƙorafi a kan rabonsa. Na kuma ce a raina, tsoho ne, in aka bar masa taku goma zai mayar da shi taku ɗari. Na ɗauka gwangwanin nan tarkace ne irin na tsofaffi. Na yi shekara ashirin ina buga takardun manoma, ban san iri yana mutuwa ba.

Na tambaya ko za a iya gyara gurbin yanzu. Sai bayan shekara uku, in an sake sabon awo.

Ban san me zan ce ki yi ba. In aka bar masarar, gonar ta tafi hannun Mai Tarakta, ita da kwarin da dutsen duka. In aka sare, kin san abin da aka sare. Ina roƙonki abu ɗaya, kada ki gaya wa Baba maganar gurbin. Zan faɗa masa da bakina in na zo, in na samu ƙarfin zuciya.

Ki yafe mini.

Yayanki

*

Ranar Juma'a

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta takardarka sau uku. Na yi fushi da kai, har yanzu ma ban huce ba, ba zan ɓoye maka ba. Shekara shida ina wanke wa Baba kaya, ina jin tarinsa ta bango, kai kuma ka zo da biro na yini ɗaya ka yanke abin da ya dace da shi. Amma ba wannan na zauna rubutawa ba.

Roƙonka bai samu karɓuwa ba, ba kuma da gangan ba. Ina cikin karatun Baba ya shigo, ya ga fuskata, ya ce in karanta masa. Na fara tsallake-tsallake, ya ce, "Auta, takardar nan shafi biyu ce, ke kuma kin karanta mini rabin shafi." Sai na karanta duka. Da na zo wurin gurbin ya sa na maimaita. Sannan ya ce, "Ashe sun bari." Da ya zage ka da ya fi mini sauƙi.

Ran Litinin magana ta isa kunnen Baffa. Ya zo ba shi kaɗai ba, Mai Tarakta yana zaune a mota a ƙofar gida, bai ko kashe injin ba. Baffa ya ce shi ba zai zauna a jefa masa rabo a rijiya saboda masarar da ba ta cika kwando ba, in Alhamis ta yi aka cire mu, Asabar za a kira masu raba gado. Ban ga laifinsa duka ba, shi ma gidansa cike yake da baki. Baba ya ce masa, "Ka gaida baƙonka, ka ce ya kashe mota, mai yana tsada."

Talata da Laraba ya wuni a kwarin. Na kai masa ruwa na tarar yana bin layukan, yana ɓare bakin goyo kaɗan, ya danna ƙwaya da farce. Kowacce ya danna sai farin ruwa ya fito kamar madara. Ya mayar da ɓawon ya rufe, ya wuce ta gaba. Na ce ko mu tone su da saiwa mu dasa a tsakar gida. Ya ce masarar da ta yi goyo ba ta tashi daga inda take. Na ce to in kira ɗan Mai Shayi ya sare, shi ya zauna a gida. Ya kalle ni ya ce, "Wa ya shuka?"

Jiya da gari ya waye ya ɗauki adda, na bi shi. Ya hana ni taɓawa. Ya fara daga layi na ɗaya, kara ɗaya sara ɗaya, yana kwantar da su gefe guda a jere, kawunansu duk suna kallon wuri ɗaya. Ko a nan bai iya yin aikin banza ba. A layi na shida numfashinsa ya sarƙe, ya zauna a kan dutse. Na miƙa hannu in karɓi addar, ya ƙi saki. Ya huta ya tashi ya gama. Na yi kuka, Yaya, ban ɓoye ba, shi kuma ko sau ɗaya bai juyo ba.

Malamin awo ya iso wajen ƙarfe goma. Ya ɗauki hoto, ya sa hannu, ya ce an wanke mu. Da zai tafi ya tsaya ya ɗauki goyo ɗaya ya ɓare, ya danna, ya ga ruwan, ya ajiye a hankali. Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri." Baba ya ce, "Aikinka ka yi, kuma ka yi shi a miƙe."

Gonar tana nan, Baffa ya koma washe baki, Mai Tarakta ya janye. Baba ya kwaso goyon duka ya ɗaure bibbiyu ya rataye a ƙarƙashin rufin baranda, yadda yake yi wa iri kowace shekara. Ni da shi duk mun san za su yamushe ne kawai, ba abin da zai tsiro. Ban hana shi ba. Yau bai fita ba, kuma abincin da na kai masa yana nan a rufe.

Direba zai ba ka ƙunshi tare da wannan, da wata 'yar takarda. Shi ya faɗa, ni na rubuta, ban ƙara ko kalma ba.

Auta

*

Babban gida,

Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka. Allah ya yi muku albarka.

Na ji abin da ka rubuto. Ka faɗi gaskiya, na gode. Gona tana nan, za ku same ta kai da ƙanwarka, kuma in ta gama hutawa za ta yi kyau, ka yi daidai a nan.

Ga gwangwanin nan na aiko maka. Na wanke shi, murfinsa yana rufuwa da kyau, ruwa ba ya shiga. Kakana ya ba ubana abin da ke ciki, ubana ya ba ni. Na so in ba ka da nauyinsa. Ka ajiye a kan teburinka ka riƙa zuba biro.

In za ka zo, ba sai ka yi sauri ba. Kullum ina gida yanzu.

Mahaifinka